Juriya da Aminci: Nazari a Kan Tsohon Injin Dizal a Ƙasar Bagwai

Gabatarwa

A bakin direbobi da makanikai na ƙasar Kano akwai wata magana da ta zama kamar karatu, watau wai tsohon injin dizal ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya gaji ya sayar. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a auna wannan magana bisa yadda injin yake aiki, da kuma irin halin da yake samun kansa a ciki a wani yanki na karkara, watau ƙasar Bagwai. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, maganar ta cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe, su ne juriya da aminci. Juriya ita ce inji ya sha wuya da sakaci amma ya ci gaba da motsi. Aminci kuwa shi ne a yi wa mota lodi da asuba ana da sakankancewar za ta kai kayan kasuwa kafin hantsi. Juriya maƙera ne suka gina ta cikin ƙarfen tun daga masana'anta. Aminci kuwa ba a sayensa tare da mota; mai ita da direbanta da makanikinta su ne ke samar da shi.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita wasu kalmomi. Man da wannan inji ke sha, a tasha da gareji "gas" ake ce masa, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma su ce "gazuwal", kowa da harshen Baturen da ya aro daga gare shi. Da yake a yau kalmar gas ta hau kan iskar girki, a nan za a riƙa cewa dizal. "Baƙin mai" kuma shi ne man da ake zuba wa inji don sulɓi, wanda ake sauyawa idan an je juye. Sauran sunayen sassa an bar su yadda suke a bakin masu sana'ar.

Bagwai da Buƙatar Mota

Bagwai ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin birnin Kano, maƙwabciyar Bichi da Shanono da Dawakin Tofa. Ƙasa ce ta manoma, gona na jingine da gona, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 160,000. A ƙarshen shekarun 1970 aka gina madatsar ruwa ta Watari a nan, sai noman rani ya samu gindin zama: shinkafa da tumatur da albasa da masara da alkama. Duk wannan amfani sai an kai shi inda masu saye suke. Hatsi yakan bi ta Bichi ya hau babban titin Katsina zuwa Kano ya sauka a Dawanau. Kayan gwari kuwa, wanda za a kai 'Yankaba, sai ya ratsa birni tukuna.

A nan ne bambancin juriya da aminci yake fitowa fili. Buhun gero ba ya damuwa in mota ta kwana biyu a gefen hanya. Kwandon tumatur kuwa, a zafin watan Maris, wuni ɗaya ya ishe shi ya fara zubar da ruwa, dillali ya karya farashinsa. Injin da aka tayar bayan kwana biyu ya nuna juriya, ba shakka, amma manomin Gadanya ko na Kiyawa da ya ɗora gumin wata uku a bayan motar bai ga aminci ba.

Ya kamata kuma a faɗi cewa ƙananan motocin da ke ƙasar nan yawancinsu na fetur ne. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, masu fetur ne suka cika hanya, domin a lokacin fetur na da araha albarkacin tallafin gwamnati, dizal kuwa aka bar wa manyan motoci da tarakta da injin niƙa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, aka koma ga kwancen Turai ta Legas da Kwatano. Ta wannan ƙofa ce bas-bas da akori-kura masu dizal suka yawaita, irin su Toyota Hiace da Hilux, da Mercedes-Benz 207D, da wasu daga cikin Peugeot J5. Su ne wannan nazari ya fuskanta.

Inda Juriyar Take

Injin fetur yana zuƙar iska gauraye da mai, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala a Augsburg a 1897 ba shi da fulogi. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin ashirin da 'yan kai na girmanta, matsin ya sa zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ke fesa mai kamar raɓa, man ya kama da kansa. Ke nan abu uku kawai injin yake nema: iska mai tsabta, da matsi, da mai a kan lokaci. Da zarar ya tashi, ba ya buƙatar kafireto ko kwayil ko kwamfuta.

Saboda tsananin matsin nan dole aka yi masa jiki mai kauri, kuma ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka sassansa ba sa saurin cinyewa. Kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa a 1927, a 1936 kuma Mercedes-Benz ta fito da ƙaramar mota mai dizal, watau 260D. Injinan da muke magana a kansu jikokin wannan zamani ne. Akwai OM616 na Mercedes mai lita 2.4, wanda ke cikin 240D da 207D. Akwai kuma dangin L na Toyota, waɗanda suka fara fitowa a 1977, daga baya aka samu 2L mai lita 2.4, da 3L mai 2.8, da 5L mai 3.0.

Nozul ɗin irin waɗannan injina yana buɗewa ne idan matsin mai ya kai kamar ninki 110 zuwa 150 na matsin iskar sarari (tayar ƙaramar mota ninki biyu zuwa uku kawai take ɗauka). Sababbin injina masu bututun mai na bai-ɗaya, waɗanda suka shiga ƙananan motoci tun 1997, sun fara ne da ninki 1,350, kwamfuta kuma ke sarrafa su. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, hayaƙinsu ya fi tsabta, amma ƙaramar matsala sai an nemi mai na'ura a birni. Tsohon kuwa, makanikin da ya koyi aiki a kan injin niƙa da tarakta zai iya kwance shi a gindin bishiya da sifana da guduma. Wannan ma wani ɓangare ne na juriyarsa, ko da yake ba a cikin ƙarfen yake ba.

Masu yabon tsohon inji sukan kafa hujja da labarin wani direban tasi na birnin Tasalonika a ƙasar Girka, Gregorios Sachinidis, wanda motarsa 240D ƙirar 1976 ta yi kilomita miliyan 4.6 kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin Mercedes-Benz a 2004. Labarin gaskiya ne, sai dai akan manta rabinsa. Mutumin yana da injina na ajiya da yake musanyawa, ana sauke wannan a gyara a ɗora wancan, sau da dama. Abin da labarin ya tabbatar shi ne kulawa, fiye da ƙarfin ƙarfe.

Mai

A ganin mai wannan rubutu, babu abin da ya kai mai kashe tsohon inji a karkara, kuma a nan ne ya kamata a daɗe.

Zuciyar injin dizal ita ce famfon fesa mai, wanda makanikai ke kira injekta. A cikinsa akwai 'yan sanduna na ƙarfe da ke kai da komowa cikin ramuka, ratar da ke tsakaninsu kuwa silin gashin kai ya ninka ta kauri sau ashirin ko fiye. Duk ƙwayar yashin da ta shiga wannan rata ta zama zarto. Famfon iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu yana da amfani ga mai mota. Na OM616 jere ne, kowace silinda da sandarta, ƙasansa kuma baƙin man inji ne ke shafe shi. Na dangin L na Toyota mai juyawa ne, sanda ɗaya ke raba wa silinda huɗu, kuma babu abin da ke ba shi sulɓi sai dizal ɗin da ke ratsa shi. Saboda haka duk abin da ya rage wa dizal maiƙo, kamar kananzir ko ruwa, famfo mai juyawa shi ya fi saurin jin jiki. Direban da ya ga wani mai Mercedes ya surka mai ya kwana lafiya, ya kwaikwaye shi a kan Hiace, ya ɗauki darasi daga littafin da ba nasa ba.

To, daga ina datti da ruwa suke zuwa? Gidajen mai masu dizal ba su da yawa a ƙauyuka, don haka sau da yawa daga jarka ko duro ake shan mai, a hannun 'yan bumburutu. Ko da mai sayarwa mutumin kirki ne bai surka komai ba, duron da ke zaune a rana yana shaƙar iska da dare ya fitar da rana, da damina kuma laimar iskar ta zama ɗigon ruwa ta kwanta a gindinsa, domin ruwa ya fi dizal nauyi. Haka nan yake faruwa a tankin motar da kullum ake barinsa kusan wayam. Ruwan yana sa tsatsa a famfo, yana kuma lalata bakin nozul. Daɗin daɗawa, tun farkon shekarun 2000 gwamnati ta janye hannunta daga farashin dizal, a 2022 kuma kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Duk lokacin da mai ya yi tsada, kwaɗayin surki da sayen na araha yakan ƙaru.

Maganin ba shi da tsada. A bar mai ya kwanta a jarka kafin a zuba, kada a juye har gindi, a kuma tace shi da mazurari mai raga ko ƙyalle mai tsabta marar zare. A ƙasan filtar mai ta yawancin waɗannan motoci akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan makunni da ake murɗawa da hannu a zubar. A Toyota har fitila ke kamawa a gaban direba idan ruwan ya yi yawa. Abin takaici, a motoci da yawa an cire wayar fitilar don ta dame su. Mafi muni shi ne al'adar huda filta ko tsallake ta da tiyo idan ta toshe a hanya. Filtar da ta toshe aikinta ta yi, ta tare abin da zai kashe famfo. Kuɗin sabuwa bai kai kashi kaɗan na kuɗin gyaran famfo ba, gyaran kuma sai an kai Kano wurin masu na'urar gwaji, mota ta yi kwanaki a tsaye. Direban kirki ba ya rabuwa da filta ta ajiya a ƙarƙashin kujera, ya kuma san yadda ake fitar da iska daga bututu bayan an sauya ta, domin injin da ya sha iska ba zai tashi ba ko da an ƙarar da batir.

Akwai kuma wata illa da ido ba ya gani, watau farar wuta da ke cikin man. Shekaru da dama dokar Nijeriya ta yarda dizal ya ƙunshi har kashi 3,000 cikin miliyan na farar wuta, alhali Turai ta tsaya a kan 10. Bayan rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016 ne Nijeriya da wasu maƙwabtanta suka amince su rage zuwa 50. Farar wuta in ta ƙone ta haɗu da laima takan zama ruwan guba mai cin ƙarfe, ya gangara cikin baƙin mai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa injinan da suka daɗe a nan suka fi takwarorinsu na Turai saurin cinyewa, ya kuma sa jinkirta juye ya fi haɗari.

Ƙura

Bari mu yi ɗan lissafi. Injin 3L da ke juyawa sau 2,500 a minti yana zuƙar iska wajen lita 3,000 a cikin mintin nan, watau cikin duro goma sha biyar. A sa'a guda duro ɗari tara ke nan. Mai karatu ya ƙaddara wannan iska a hanyar burji tsakanin gonaki a watan Janairu, ga hazon hunturu da ke tasowa daga ƙasar Cadi, ga ƙurar motar da ke gaba. Abin da ke tsakanin wannan ƙura da cikin silinda takarda ce kawai mai naɗe-naɗe.

In filtar iska ta toshe, inji ya rasa numfashi, ƙarfi ya ragu, salansa ta yi ta aman baƙin hayaƙi, watau mai ya fi iska yawa. Wannan da sauƙi, domin yana ba da sanarwa. Haɗarin yana ga filtar da ta yage, ko wadda aka buga da dutse don a kakkaɓe ta, ko tiyon da ya tsage a bayanta, domin a nan inji yana numfashi sarai, direba na jin daɗi, yashi kuwa na goge ringi da bangon silinda a hankali. Bayan watanni sai matsi ya ragu, mota ta ƙi tashi da safe sai an tura, hayaƙi ya koma shuɗi-shuɗi saboda baƙin mai na ƙonewa. Makanikai na da gwaji mai sauƙi: a buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, in yana huci kamar tukunya, ringi sun tafi. Inji mai irin wannan hali yakan kai matsayin da zai riƙa shan baƙin mansa a madadin dizal, ya yi ta ƙara gudu ko an zare makulli. In haka ta faru, sai a toshe masa hanyar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba, ko a sa babbar giya a taka birki a saki kuloci.

Zafi

Dangin L na Toyota, musamman 2L mai tabo, sun yi suna wajen tsagewar kan inji idan suka ɗauki zafi, kuma sau ɗaya ya isa. A bazarar Kano, inda zafi kan haura digiri 40, ga lodin da ya wuce ƙa'ida, babu sauran rangwame.

A nan dole a soki wata al'ada da ta game garejinmu, watau cire tamostat da zarar mota ta sauka daga Turai, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Tamostat ɗan bawul ne da ke tsare ruwa cikin inji har ya kai digiri 80 da 'yan kai, sa'an nan ya buɗe masa hanyar lagireto. Injin dizal da ke aiki a sanyaye ba ya ƙone mai sosai, yana tara ƙunar gawayi, yana cinye silinda. Bugu da ƙari, a injina irin OM616 tamostat ɗin ne kuma ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. In an cire shi hanyar ta zauna a buɗe, sai a wayi gari abin da aka yi don gudun zafi shi ke jawo zafin. Ainihin masu laifi galibi su ne lagireton da ya toshe da gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse, da ƙaiƙayi da ƙura da suka liƙe a fuskarsa lokacin kaka, da fanbel mai sako-sako, da murfin da ya daina riƙe matsi. Murfi mai kyau yana hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. Tsumman da aka cusa a madadinsa ba ya yin haka. Motar da ta tafasa kuma, a bar ta ta huce kafin a ba ta ruwa, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi shi ke ƙarasa tsagewar. Farin hayaƙi mai yawa bayan inji ya yi ɗumi, tare da raguwar ruwa kullum, alama ce ta cewa gaskit ko kan inji ya riga ya tafi.

Sanyi ma yana da nasa. Waɗannan injina suna fara ƙuna ne a wani ɗan ɗaki da ke cikin kan inji, kuma da asubar hunturu bangonsa yakan shanye zafin iska, don haka aka sa masa hita. In hita ta mutu, maimakon a sauya ta, wasu sukan fesa fetur ko maganin sauro a hanyar iska. Injin zai tashi da ƙara kamar an buga guduma, kuma lalle gudumar ce, a kan fistin da ringi.

Ƙidaya

Sauran aikin na lissafi ne. OM616 sarƙa ce ke haɗa motsin fistin da na bawul, takan yi ƙara ta ba da gargaɗi kafin ta lalace, sai dai bawul ɗinsa na son a riƙa daidaita ratarsu lokaci-lokaci. Dangin L kuwa bel ne na roba, ba ya gargaɗi, in ya tsinke fistin ya daki bawul, aikin ya zama na sauke kan inji da tafiya Ƙofar Ruwa neman kaya. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a sauya shi a kilomita 100,000, baƙin mai da filtarsa kuma a kilomita 5,000 a irin hanyoyinmu. Ba a auna baƙin man dizal da ido, domin yana yin baƙi tun kwanakin farko saboda gawayi. Ba kuma a auna shi da yatsa.

Matsalar ita ce a yawancin motocin nan agogon kilomita ya daɗe da tsayawa, wanda ke tafiya ma ba a san sau nawa aka mayar da shi baya ba kafin motar ta iso. Saboda haka wanda ya sayi kwance ya sauya bel nan take, kome kyan da yake da shi a ido, sa'an nan ya koma ƙidaya da kwanaki. Motar da ke cin kilomita 150 a rana, kwana shida a mako, tana yin 900 a mako. Juyenta ke nan bai kamata ya wuce mako biyar zuwa shida ba, bel kuma shekara biyu da 'yan makonni. Da yake mota takan sauya direba fiye da yadda take sauya bel, wurin da ya fi dacewa a rubuta ranar shi ne jikin murfin bel ɗin kansa, da fenti, inda duk makanikin da ya buɗe inji zai gani.